Tunda allurar ta iso, me ya hana a yi wa kowa cikin wata ɗaya?

Malam ka tambaya cewa idan annoba ta ɓarke irin yadda korona ta yi, kuma aka samu allurar rigakafinta, me ya sa gwamnatoci basa iya ninka saurin aikin, kace ai soka allura ko minti ɗaya bata kaiwa, me zai hana a buɗe wurare dare da rana, a kwaso sojoji da ɗalibai a gama da kowa a wata guda. Tambayarka tana kan hanya, kuma ba kai kaɗai ba ne, har ministoci sun yi irinta a 2021. Ni a ɓangaren tsara aikin rigakafi nake, dan haka bari in gaya maka yadda abin yake daga ciki.

Gaskiyarka ne, sokawar kanta 'yan sakanni ce. Amma kafin damtsen mutum ya iso gaban mai sokawa akwai wanda ya tare shi a ƙofa ya duba sunansa, akwai wanda ya zaunar da shi ya tambaye shi ko yana da zazzaɓi yau, ko ya taɓa yin wata allura jikinsa ya kumbura numfashi ya sarƙe, ko yana shan maganin tsinka jini, akwai wanda ya haɗa maganin ya zuƙa a sirinji, akwai mai rubuta lambar kwalbar a kati kuma ya shigar a kwamfuta, akwai wanda aikinsa kawai ya zauna yana kallon waɗanda aka yi wa ko wani zai yanke jiki ya faɗi, ga mai kula da firji, ga direba, ga mai kwashe akwatin allurai da aka gama da su, ga mai gadi da mai shara. Duk inda ɗaya daga cikin waɗannan ya gaza to layin gaba ɗaya ya tsaya, ko da nas goma ne zaune da sirinji a hannu suna jira. Shi ya sa sau da yawa zaka ga magani na nan jibge a sito amma mutane basu samu ba, rijiya ta bayar guga ya hana.

Mu yi ɗan lissafi, misali ne kawai nake baka. Ka ɗauka ƙasa tana da manya miliyan 50, kowa allura biyu, miliyan 100 kenan. Mai sokawa ɗaya idan komai na tafiya daidai yana sallamar mutum ɗaya a minti 5, da cire riga da goge wuri da 'yar magana, wato 12 a awa. Kar ka lissafa masa awa 8 cur, mutum ne, zai huta zai shiga banɗaki, layi zai yanke, mu ce awa 6 na ainihin aiki, 72 kenan a rana. In ana so a gama cikin wata 6, ranakun aiki wajen 150, dole a riƙa yin sama da allura 660,000 kullum, kaga ana buƙatar masu sokawa sama da 9,000 a bakin aiki kowace rana ba fashi, kuma in ka ba kowannensu mataimaka uku ko huɗu ka doshi mutum 40,000. Yanzu kai kace wata ɗaya, toh ninka wannan sau shida. Tambayar da ake yi a ɗakin taro ita ce daga ina za a samo su, domin ba a ajiye nas a sito kamar sirinji, shekara 3 ko 4 ake yi kafin a yaye ɗaya.

Dama tun kafin annobar duniya na cikin ƙarancinsu. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 yace akwai giɓin nas-nas kusan miliyan 6, kuma mafi yawan giɓin a ƙasashe marasa ƙarfi yake. Ma'aunin hukumar shine a samu aƙalla likita da nas da ungozoma 4.45 ga kowane mutum 1,000, ƙasashe da dama ko rabin haka basu kai ba. Sannan ka tuna lokacin da ake neman waɗannan ma'aikata su zo su yi allura shine lokacin da asibitoci suka cika maƙil da masu cutar, su kansu ma'aikatan suna kamuwa, wasu na killace a gida, wasu sun rasu. Hukumar ta ƙiyasta ma'aikatan lafiya tsakanin 80,000 zuwa 180,000 ne korona ta kashe daga Janairun 2020 zuwa Mayun 2021. Wato ranar da ka fi buƙatarsu ita ce ranar da suka fi ƙaranci.

Nan ne abin da mutane basa gani, kuma ni a wurina shine babbar maganar. Duk nas ɗin da ka gani a wurin rigakafi aro aka yi ta daga wani wuri. Jiya tana ɗakin awo, ko tana yi wa jarirai allurar ƙyanda, ko tana ba masu tarin fuka magani, yau an ce ta tafi wurin korona, wancan tebur ɗin kuma babu kowa. Babu mai buga wannan a labarai saboda yaron da bai samu allurarsa ba yau ba yau zai kwanta ba, sai bayan shekara ɗaya ko biyu cutar ta fito. Kuma ta fito ɗin. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun nuna yara miliyan 25 ne basu samu cikakkiyar allurar mashaƙo da 'yan uwanta ba a 2021, adadin yaran da ake yi wa ya sauko daga kashi 86 cikin 100 a 2019 zuwa 81. Ba duka ne laifin aron ma'aikata ba, akwai kulle, akwai tsoron zuwa asibiti, amma yana ciki sosai. Ko Ingila da ƙarfinta, a Disambar 2021 da nau'in Omicron ya taso gwamnati tace kowane babba a ba shi damar allura ta uku kafin ƙarshen wata, sai da aka yarje wa likitocin unguwa su ɗage wasu dube-dubensu na yau da kullum kafin su samu sararin yi. Saurin ba kyauta ba ne, wani mara lafiya ne yake biya da jiransa.

Bari in nuna maka teburin da ya fi cin hankali, wanda baka ganinsa saboda yawanci a bayan labule yake. Samfurin farko na allurar korona ta kamfanin Pfizer ya riƙa zuwa ne a daskare, a sanyin wajen digiri 70 ƙasa da sifiri, sai da irin firizar da yawancin asibitocin duniya basu da ita. In aka narkar da ita, da farko kwana 5 kawai aka yarda ta yi a firji, sai a Mayun 2021 aka ƙara zuwa wata guda. Mai haɗawa zai ɗauki kwalbar ya juya ta sama da ƙasa a hankali sau 10, ba girgizawa ba, ya zuƙo ruwan gishirin asibiti mililita 1.8 ya zuba, ya zuƙe iska daidai haka, ya sake juyawa sau 10, ya ɗaga ta a haske ya duba ko akwai wani gari-gari a ciki, ya rubuta lokaci a jikin kwalbar domin daga wannan minti awa 6 gare ta, sannan ya riƙa zuƙo 0.3 a kowace sirinji. Da farko mutum 5 ake cirewa a kwalba, daga baya aka ce 6, amma ta shidan bata fita sai da wata sirinji ta musamman wadda bata ɓoye ragowar magani a bakinta. Ka yi tunanin mutum yana wannan tun safe, kwalba bayan kwalba, ana leƙowa ana ce masa yi sauri layi ya yi tsawo. Wannan ba aikin da zaka ba wanda ya yi tirenin na kwana biyu ba ne. A Disambar 2020 a garin Stralsund na Jamus an yi wa ma'aikatan wani gidan kula da tsofaffi su 8 allurar da ta ninka ƙa'ida sau biyar, kuskuren hannu ne kawai. Labari ɗaya irin wannan in ya shiga Facebook da WhatsApp zai korar maka mutanen da sai ka yi wata kana lallashi, sauri ya haifi nawa kenan.

Sai maganar kujeru, kar ka yi dariya. Ƙa'idar lokacin korona ita ce bayan allura mutum ya zauna minti 15, mai tarihin borin jiki minti 30, saboda akwai wani mummunan bori da ke toshe numfashi, ba kasafai ba, wajen mutum 5 a cikin allura miliyan 1, amma in ya zo mintoci ne tsakanin rai da mutuwa, dole a samu allurar adirenalin a kusa da wanda ya iya amfani da ita. Toh masu sokawa 10 suna sallamar mutum 120 a awa, kaga a kowane lokaci mutum 30 ne zaune, kuma lokacin annoba ne, ana son tazarar mita 2 tsakaninsu. Ƙaramin asibiti ina zai sa su? Sai kaga wuri na da ma'aikata da magani amma faɗin ɗaki ya ƙayyade masa adadi. Dalilin da ya sa aka koma filayen ƙwallo da manyan ɗakunan taro kenan. Kuma dalilin da ya sa Ingila a waccan Disambar 2021 ta dakatar da jiran minti 15 ɗin ga yawancin mutane, sun auna sun ga haɗarin jinkiri ya fi haɗarin borin. Ni na fahimci hujjarsu, amma su suna da motar asibiti da zata iso cikin mintoci, inda babu wannan ba zan ba da shawarar a kwaikwaye su ba.

Yanzu shawararka ta kwaso wasu mutane daban. Wannan kam ka yi daidai, kuma ita ce hanyar da ta fi aiki, sai dai ba yadda kake zato ba. Dabarar ita ce a yanka aikin gunduwa-gunduwa, ƙwararre ya riƙe abin da sai shi, wato tantance mutum da haɗa magani da kula da wanda ya faɗi, sauran a ba wasu. Ingila ta gyara dokar magunguna a Oktoban 2020 dan waɗanda ba nas ko likita ba su iya sokawa ƙarƙashin kulawar ƙwararre, ƙungiyar St John Ambulance ta horar da 'yan sa kai wajen 30,000. Amurka ma a Maris ɗin 2021 ta buɗe ƙofa ga likitocin haƙori da na dabbobi da ɗaliban likitanci da wasunsu. Amma ka lura doka aka fara gyarawa, domin in wani abu ya samu mutum a hannun ɗan sa kai wa zai ɗauki alhaki? Sai an amsa wannan. Sannan horarwar kanta ƙwararru ne zasu yi, wato ka sake cire su daga bakin aiki, kuma sabon hannu a makon farko nauyi ne, sai an tsaya a kansa. Wani abin takaici ma, a farkon 2021 likitocin Ingila da suka yi ritaya suka ce zasu dawo su taimaka sai aka buƙaci su kawo takardu har 21, ciki har da shaidar sun yi kwas na hana tsattsauran ra'ayi, mutumin da ya yi shekara 30 yana duba marasa lafiya fa. Sai da aka yi ta surutu aka rage. Ofishin ɗaukar ma'aikata shi ma wuri ne da layi ke tsayawa, kuma babu mai tuna shi sai ya toshe.

Sojoji kuwa suna da amfani ƙwarai wajen kafa tanti, jigila, tsara layi, amma masu aikin lafiya a cikinsu kaɗan ne. Ga kuma wuraren da ganin kaki a ƙofa zai sa mutum ya juya gida.

Nasan zaka ce ai ana yi wa miliyoyin yara rigakafin shan inna cikin 'yan kwanaki. Haka ne, Indiya kan yi wa yara wajen miliyan 170 a zagaye ɗaya da masu aiki sama da miliyan 2. Amma wancan ɗigo biyu ne a baki, ba sirinji ba zuƙa ba allura mai tsini da za a zubar ba jiran minti 15, kowa zai iya koya a yini guda, a shafa wa yaro alama a yatsa a wuce. Kuma tsarin rigakafin yawancin ƙasashe dama an gina shi ne dan jarirai da masu juna biyu, waɗanda a shekara 'yan kashi kaɗan ne na jama'a. Ranar da aka ce a yi wa duk manya, an ɗora wa wannan tsari kayan da ya ninka nasa sau da yawa, firji ɗaya, babur ɗaya, ma'aikaciya ɗaya.

Batun dare da rana an gwada. Wani filin wasa a jihar Arizona ta Amurka ya yi aikin awa 24 daga Janairun 2021, Ingila ma ta gwada a wasu asibitoci. Yana da amfani ga masu aikin dare. Amma buɗe ƙofa awa 24 baya haifar da sabuwar nas, waɗanda kake da su ne zaka raba gida uku, kuma tsohon da ya fi kowa buƙatar allurar ba zai fito ƙarfe 3 na dare ba. In ma'aikata ne matsalarka gara ka tara su a awannin da mutane ke zuwa. Mutum kuma zai iya jure dutin awa 12 na sati biyu ko uku da zuciya ɗaya, amma wannan aikin na wata da watanni ne, in ka ƙure su a watan farko a na uku sai ka fara karɓar takardun rashin lafiya da na ajiye aiki, musamman in alawus ɗin da aka yi musu alkawari bai fito ba. Wannan na alawus ba ƙaramin abu ba ne wallahi, maganin da aka bayar kyauta baya zuwa da kuɗin man mota ko haƙƙin wanda zai kai shi ƙauye.

Akwai kuma bashin allura ta biyu da mutane ke mantawa. Duk wanda ka yi wa ta farko yau ka ci bashinsa, a lokacin korona ta kamfanin Pfizer bayan kwana 21, ta kamfanin Moderna bayan 28. Sati ukun farko sai kaga adadi na hawa ana ta murna, a na huɗu waɗancan sun dawo, rabin kujerunka nasu ne, sabbin da kake iya ɗauka sun ragu da rabi alhali babu abin da ya lalace. Saboda irin wannan da ƙarancin maganin ne Ingila a ƙarshen Disambar 2020 ta miƙe tazarar zuwa sati 12 dan ta fara rufe mutane da yawa da ta farko, an yi ta cece-kuce a lokacin, amma ta cimma burinta na mutum miliyan 15 a tsakiyar Fabrairun 2021. Amurka kuwa ta yi alkawarin miliyan 20 kafin ƙarshen 2020, waɗanda aka yi wa basu kai miliyan 3 ba, alhali maganin da aka rarraba wa jihohi ya ninka haka, tsarin kai shi damtse ne bai shirya ba.

Abin da ya fi ƙona ran mai tsara aiki shine rashin sanin ranar da kaya zasu iso. Ka tara ma'aikata ka horar da su ka kira jama'a, sai mota bata zo ba, ka sallami kowa, wata biyu shiru, 'yan sa kai sun watse sun kama gabansu, sai kwatsam a sauke maka miliyoyi a ce saura sati 4 ko 6 su lalace. Haka ƙasashe da yawa suka sha a 2021, bayan shirin COVAX na raba wa ƙasashe allurar korona ya fara kai kaya Ghana a ranar 24 ga Fabrairu sai Indiya, wadda shirin ya dogara da ita, ta tsayar da fitar da nata saboda cutar ta yi mata tsanani, daga baya kuma kyaututtuka masu gajeren wa'adi suka riƙa zuwa a tare. Malawi ta ƙona kusan 20,000 a Mayu, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ta mayar da miliyan 1.3 a raba wa wasu saboda ba zata iya ƙarar da su kan lokaci ba, Najeriya ta lalata sama da miliyan 1 a Disamba. Masu kallo daga nesa suka ce sakaci ne ko mutane ne basa so, alhali babu tsarin da zai iya tashi daga sifiri zuwa ƙololuwa cikin sati biyu. In aka ba ni zaɓi tsakanin kaya kaɗan da na san ranar zuwansu duk sati da kaya masu yawa na ba-zata, na farkon zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba, domin da shi ne zan iya rubuta jadawalin duti.

Rubutu ma na cin mutane. Isra'ila ta yi fintinkau a farkon 2021 ne saboda kowane ɗan ƙasa na da rijista a ɗaya daga cikin asusun lafiya 4 da suke da su, sunansa da shekarunsa da cutukansa duk na kwamfuta, saƙo kawai za a tura masa. Indiya ta gina manhajar rijistar rigakafi mai suna CoWIN, har ta yi allura wajen miliyan 25 a rana ɗaya a 17 ga Satumban 2021. Inda babu irin wannan, mai shigar da bayanai na fama da waya, netwok na ɗaukewa, nas ta gama da mutum uku shi yana kan na farko, ƙarshe a koma takarda, takardu su taru a kwali, gwamnati ta kasa sanin adadin da aka yi balle ta san inda zata tura kaya.

Sannan duk lissafin da na yi maka a sama na lokacin da mutane ke tururuwa da ƙafarsu ne. In aka gama da masu ɗoki aikin sai ya juye, saura tsohon da baya iya tashi daga gado, da na ƙauyen da mota bata shiga, da mai aikin da in ya bar shi yini guda ba abin da zai kai gida, da mai shakka da sai an zauna da shi rabin awa ana amsa tambayoyinsa. Tawagar mutum 4 da a babban wuri zata sallami ɗaruruwa, a nan zata yini a hanya ta dawo da mutum 30. Ga kwalba irin ta kamfanin AstraZeneca ta lokacin korona mai cin mutum 10 da in an buɗe ta awa 6 gare ta, ma'aikaciya ta isa wuri ta tarar da mutum 3 kacal, ta tsaya tana tunani, in ta buɗe 7 sun tafi a banza kuma za a tambaye ta a ofis, in ta ce su dawo gobe ta san biyu daga ciki ba zasu dawo ba. Umarnin da ya kamata a ba ta a rubuce shine ta buɗe, kuma kar wani oga ya tuhume ta a kan ragowar.